Gidaɗo Ya Kira Taro da Waya

Tun ranar da Gidaɗo Na'iya ya dawo daga kwas ɗin mako biyu a Sakkwato, mutanen Tambuwal ba su ƙara samun sakat ba. Kwas ɗin na koyon aiki da waya ne da aka shirya wa magatakardan ƙungiyoyin manoma, amma in ka ji yadda yake ba da labari sai ka rantse tuƙin jirgin sama aka koya masa. Ya sayi tabarau marar magani, ya rataya takardar shaida a zaure, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Wasu suka riƙa kira don su ga yadda yake gyara zaman hula.

Shi ne magatakardan ƙungiyar manoman gero da dawa, mai mutum hamsin da biyu, warwatse daga Tambuwal zuwa Jabo da Dogon Daji, har Fakku ta ƙasar Kebbe. Kakar bana ta yi kyau, dammunan gero jibge a ko'ina. Ana haka sai ga saƙo daga wata hukumar tallafa wa manoma: injin sussuka guda ɗaya tak ya rage, kuma jami'arsu, Hajiya Ni'imatu, za ta zo ranar Laraba nan da mako uku. In ta ga 'yan ƙungiya arba'in da idonta, inji ya zama nasu. In ba ta gani ba, akwai wata ƙungiyar da ke jira.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Maccido, ya aika aka kira Bube. Bube dattijo ne mai tsohon babur, shekara goma sha tara shi ke kai gayyata. Zai cika aljihu da goro ya bi gari gari, ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi iyali da shanu, ya ajiye goro biyu, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Gidaɗo ya ɗaga hannu tun kafin Bube ya zauna.

"Alhaji, wanga aiki ya wuce goro. Akwai manhajar kalanda cikin waya. Dannawa guda nika yi, gayyata ta ishe kowa inda shike. Kowa shi amsa, ni ko ina nan zaune ina ganin wa ka zuwa, wa ba shi zuwa."

Bube ya ce, "Ita wayar tana gaida mutane?"

"Ba ta da lokacin wanga."

"To, tana zama a ba ta ruwa?"

"Baba Bube, duniya ta ci gaba. Ka kai babur ɗinka inuwa shi huta." Ya juya ga Alhaji, ya dafa ƙirji. "In ban tara mutum arba'in ba, in aje hatimin ƙungiya gaban kowa."

Alhaji Maccido mutum ne mai son sabon abu, muddin ba shi zai koya ba. Ya ce to. Bube ya mayar da goronsa aljihu, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Da Gidaɗo ya koma gida ya tarar da matarsa Kulu ta fito da turmi za ta masussuka. Ya ce ta mayar. Ya ce ta sanar da matan unguwa kada wadda ta ƙara taɓa taɓarya, inji na tafe, shi Injiniya ya faɗa. Kulu ta dube shi ta dubi geron, ta mayar da turmi. Kafin la'asar mata goma sha uku sun ajiye sussuka bisa maganarsa.

Matsala ta farko ita ce, kafin dannawa gudan nan, sai an san adireshin imel ɗin kowa, kuma babu wanda ya san nasa. Masu sayar da waya ne suka buɗe musu tun ranar saye. Wasu ma ba su da babbar waya sai ta ɗa ko ta suruki. Gidaɗo ya hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya yi kwana shida yana zagaye garuruwa yana tono adireshi, tafiyar da Bube ke gamawa cikin kwana biyu. Bai gaya wa kowa abin da ake ciki ba, wai kada ya ɓata wa fasaha kwalliya. Ran na bakwai ya zauna a ƙofar gidan Alhaji, ya tara jama'a, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna.

Gayyata ta tafi, har da Hajiya Ni'imatu a ciki. A ƙarƙashinta akwai amsa uku da mutum zai zaɓa: Eh, A'a, Wataƙila.

Washegari amsoshi suka fara shigowa. Wataƙila. Wataƙila. Wataƙila. Kafin azahar an sami Wataƙila talatin da takwas, Eh ko ɗaya babu. Gidaɗo ya bi sawu ya gano daga Jabo abin ya taso, wajen Malam Jumare, malamin da rabin ƙungiya ke ɗaukar karatu a zaurensa. Ya hau kabu-kabu ya same shi.

"Allah gafarta Malam, mi yas sa ba ka danna Eh ba?"

Malam Jumare ya ajiye littafi. "Gidaɗo, Larabag ga da kaka magana, ka gane ta?"

"Ban gane ta ba, Malam, ba ta zo ba tukun."

"To ni ma ban gane ta ba. Ƙaƙa za ni cewa eh ga ranar da ban san ko ina da rai ba? Na duba sama na duba ƙasa, ban ga wurin danna in sha Allahu ba. Wanda yaf fi kusa da shi nid danna, kuma na gaya ma almuridaina su yi haka."

"Malam, ai waɗanda sunka yi manhajar ba su sa shi ba."

"To ka gaya masu su sa."

Gidaɗo ya ce wannan ƙaramin abu ne ga Injiniya. Nan take ya buɗe gayyata ya gyara sunan taro, ya ƙara masa in sha Allahu a ƙarshe. Abin da ba a koya masa a Sakkwato ba, ko aka koya yana gyangyaɗi, shi ne duk gyaran da mai gayyata ya yi, manhajar sai ta sake aika wa kowa. Wayoyi hamsin da uku suka yi ƙara. Ya ga ya rubuta Tambuwal ba daidai ba, ya gyara, suka sake ƙara. Ya tuna bai sa Injiniya a gaban sunansa ba, suka sake. Kafin magariba wani manomi a Dogon Daji ya kira yana tambaya ko taro huɗu ne, don in huɗu ne shi na biyu zai zo.

Duk da haka, da Malam ya ga in sha Allahu a rubuce ya danna Eh, almajiransa manya suka bi. Eh ta hau har talatin da ɗaya. Gidaɗo ya riƙa yawo kasuwa da waya a tafin hannu yana nuna wa masu tumatir da ba su tambaye shi ba.

Sai ga wani saƙo daga Hassan na Dogon Daji. Hassan ya yi ta danne-danne har ya faɗa wurin da ake neman a sauya lokaci, ya nemi a mayar da taro ƙarfe goma sha ɗaya maimakon goma, don yana son ya fara kai jakinsa a duba masa ƙafa. Gidaɗo yana tsaye wajen mai tsire, yana bayanin yadda Turawa ke tsara lokaci, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Da ya sake duba waya don ya nuna wa mai tsire talatin da ɗayan nan, sai ya ga babu ko ɗaya. Tunda lokaci ya sauya, manhajar ta share duk amsoshi tana jiran a amsa sabo.

Mai tsire ya leƙa ya ce, "Injiniya, ina mutanen?"

"Sabis na."

"Sabis ɗin ya cinye su dut?"

Bai gama haɗiye wannan ba Hajiya Ni'imatu ta kira. "Malam Gidaɗo, saƙo biyar na samu daga wurinka a kan taro ɗaya. Goma ne ko sha ɗaya?"

"Sha ɗaya, Hajiya. Tsarin zamani na, muna ta inganta shi."

"Don Allah ku daina ingantawa haka nan. Ni dai mutum arba'in nake son gani."

Saura kwana biyar. Gidaɗo ya sake hawa kabu-kabu, wannan karon ba tabarau, don gumi ya sa yana zamewa. Mutane na gonaki suna ɗaurin dawa, ba mai lokacin dogon bayani, shi ma ba shi da shi. Duk wanda ya samu sai ya ce, "Kawo wayakka. Ga shi nan, Eh ɗin ga kaɗai za ka dannawa. In kad danna shi ke nan, ka gama naka, Hajiya na ganin sunanka can cikin tata waya." Bai sauka daga babur ba a wurare da yawa. Wani ma ta kan darni ya miƙo masa wayar.

Ranar Litinin Eh ta kai arba'in da uku. Ragowar taran suka danna A'a, kowa da dalilinsa: mai suna, mai jinya, mai rakiyar amarya. Gidaɗo ya kai wa Alhaji waya ya nuna masa. Sunayen masu A'a sun fito daban, kowanne da 'yar alama ja a gefe. Ya karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan zaman majalisa, yana girgiza kai, yana cewa ga waɗanda ba su son ci gaba. Bube na gefe yana ɓare goro. Amma da la'asar aka ga babur ɗinsa ya bi hanyar Fakku, wai zai gaida 'yar'uwarsa.

Laraba ta zo. An kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Maccido, an jera fararen kujeru sittin, an ɗauko lasifika. Gidaɗo ya sha babbar riga da ta sha bugu, yana ta gwada lasifika da sunansa. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai motar Hajiya Ni'imatu ta tsaya. Ta fito da rajistar ƙungiya a hannu, ta dubi kujeru. Akuya ɗaya ce a ƙarƙashin rumfa, ita ma inuwa ta kawo ta.

"Suna hanya, Hajiya," in ji Gidaɗo. "Arba'in da ukku. Ga su nan." Ya nuna mata waya.

Sha ɗaya da rabi sai ga babura sun fara tsayawa. Gidaɗo ya yi tsalle ya kama lasifika. "Ga su nan! Wa yac ce fasaha ƙarya ta?" Mutum tara suka sauka. A gabansu akwai Dada Tambaya, tsohuwa daga Fakku, wadda ke noma gonar marigayi mijinta, ta sha tafiya har zanenta ya yi ja da ƙasa. Ba su zauna a kujeru ba. Suka wuce kai tsaye gaban Alhaji suka durƙusa.

Dada Tambaya ta ce, "Alhaji, an ce an karanta sunana gabanka da jar alama, wai na ƙi kiranka. Wallahi ban yi kwana ba. Ni ban isa in ce maka a'a ta cikin waya ba. Jikata ta haihu, yau a suna, shi yas sa nit taho da ƙahwata in gaya maka ba ni samun zuwa."

Sauran takwas suka ce su ma abin da ya kawo su ke nan.

Gidaɗo ya matso da sauri. "To ai kun zo! Hajiya, rubuta tara. Dada, zauna ga kujera."

"Kada a rubuta ni, ɗan nan. Ni ban zo ba."

"Dada, ga ki tsaye!"

"Tsaye nike, amma ba taro niz zo ba. Haƙuri niz zo badawa. In an rubuta na zo, ina amfanin haƙurin?"

Wani daga bayanta ya ce shi ma kada a sa shi, matarsa na asibiti, in ta ji an ce ya halarci taro ba za ta yafe masa ba. Hajiya Ni'imatu ta rufe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. 'Yan kallo sun fara taruwa a bakin titi.

Alhaji Maccido ya ce, "Gidaɗo, ina arba'in da ukkun?"

Gidaɗo ya ce yanzu kowa zai ji da kunnensa. Ya kira Malam Jumare, ya buɗe murya, ya kara wayar a bakin lasifika don a shaida.

"Allah gafarta Malam, kun kusa?"

Muryar Malam ta cika unguwa. "Kusa da ina?"

"Taro, Malam. Ka danna Eh."

"Na danna, sau biyu ma. Ba kai kac ce in munka danna mun gama namu ba? Ina nan bisa karatu."

"Malam, ai dannawa alkawali na za ka zo!"

"Ikon Allah. To wa yaz zo ya gayyace ni? Ban ga Bube ba, ban ga goro ba. Kai ko da kaz zo, ko daga babur ba ka sauka ba. Na ɗauka sa hannu a kai, irin na takardar taki."

Dariya ta ɓarke a bakin titi. Gidaɗo ya katse, ya kira Hassan na Dogon Daji, wanda saboda jakinsa aka sauya lokaci. Hassan ya ce yana gona, jaki ya warke, ya gode, kuma a gaida Hajiya, yana fata ta ga sunansa. Ya kira na uku, matarsa ta ɗauka ta ce wayar tata ce, ita ta danna don ƙarar ta dame ta, maigidan bai ma san da zancen ba.

Nan hankalin Gidaɗo ya tashi sosai. Ya tattare babbar riga ya ruga bakin titi, ya fara jan mutane. Ya kawo 'yan kabu-kabu shida, da mai rake, da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanyar tasha. Ya zaunar da su, ya raɗa musu su yi shiru kawai. Hajiya ta buɗe rajista ta tsaya kan mai rake.

"Malam, sunanka?"

Mai rake ya dubi Gidaɗo. "Injiniya, wane suna kac ce in hwaɗi?"

Hajiya ta rufe rajista. "Malam Gidaɗo, injin nan mutane za a ba, su yi aiki da shi tare. Na ga mutum tara da suka yi tafiya mai nisa don su ce ba za su zo ba, kuma wallahi sun burge ni. Amma arba'in aka ce mini."

Alhaji Maccido ya roƙe ta ta ba su kwana biyu, ya nuna Bube ya ce wannan dattijon zai cika mata rumfar nan har a rasa wurin tsayawa. Ta ce ta yarda zai iya, amma ɗaya ƙungiyar na jiran ta da azahar, kuma tun safe aka ce mata sun hallara. Ta yi sallama da Dada Tambaya hannu biyu, ta shiga mota.

Ba wanda ya tuna wa Gidaɗo alkawarinsa. Kallonsa kawai aka yi ta yi, har ya gane kallon na mene ne. Ya laluba aljihu ya fito da hatimi ya ajiye gaban Alhaji. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da sabis, Bube ya miƙa masa goro ɗaya ya ce, "Tauna wanga, Injiniya, bakinka ya bushe."

Gidaɗo ya so ya bi ta bayan gari ya shige gida, amma hanyar ta masussuka ce. Labari ya riga shi. Mata goma sha uku na tsaye, turame a jere, ga dammunan geron mako uku da aka bari saboda maganarsa, wasu har gara ta fara taɓa na ƙasa. Ba wadda ta yi masa dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi.

Kulu ta tako gabansa ta buɗe masa tafin hannuwanta. Kantar taɓarya ce a jere, tauri kamar ƙafar raƙumi.

"Shekara goma sha ɗaya nika sussukar geronka," in ji ta. "Mako ukkun ga ne kaɗai hannuna yah huta, har na fara jin taushinai. Na yi murna, Gidaɗo. Har biki niy yi cikin raina."

Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko a gaban lasifika. Ta miƙa masa taɓarya. Ya waiga ya ga mutanen da suka biyo shi daga wurin taro sun tsaya a bakin darni, har da mai rake. Namiji a masussuka abin kallo ne a Tambuwal, balle mai babbar riga. Ya tuɓe rigar ya rataya a kan kara, ya karɓa.

Bugu na farko ya sami bakin turmi, zangarniya ta watse. Na biyu ya tayar da ƙaiƙayi ya shige masa wuya. Kafin ya yi ashirin hannunsa ya yi bororo, yana tari yana susa. Ya tsaya yana haki, ya juya taɓaryar yana dubawa.

"Wagga taɓarya ba a sassaƙa ta daidai ba," in ji shi. "Da an tambaye ni, akwai tsarin da a ka bi..."

Kulu ta karɓe ta, ta shiga gida, ta fito masa da babbar taɓarya.